Ƙusar Baba Safiyo

Duk wanda ya zauna a layinmu na Laranto ya san ƙusar nan. Ta tagulla ce, kanta kamar faɗin kwabo, Baba ya dasa ta cikin siminti a dokin ƙofar zaure tun ranar da aka gama ginin gidan. In zai fita sai ya taka ta ya ce, "An buɗe." In ya dawo ya taka ya ce, "An rufe." Ko masallacin bayan gida ya je, ko bakin titi sayen goro, ba fashi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aikin safiyo a kamfanin kuza, yana hawa duwatsun nan da tef da sanda da madubin awo, kuma dokar aikin ce ta bi shi har gida. Wai dole mai awo ya zagayo ya dawo kan alamar da ya fara, sai a lokacin zai san ko awonsa gaskiya ne. "Awon da bai dawo inda ya fara ba, yawo ne," in ji shi. Ni Asabe, autarsa, na sha jin maganar nan har ta fita daga kaina.

Kun tuna ranar mai nono? Ana tsuga ruwan nan na Jos mai shiga ƙashi, wata Bafulatana ta fake a zaurenmu, ta sauke ƙwaryarta daidai kan ƙusar. Sai ga Baba daga kasuwar Terminus. Ya zo bakin ƙofa ya ja birki, ya tsaya ƙiƙam, ruwa na dukansa.

Na leƙo na ce, "Baba, shigo mana!"

Ya ce, "Akwai nono a kan alamata."

"To bari in ce ta gusar."

"Kul! Baƙuwa ce. A gidan wa kika ga ana tashin baƙo?"

"To tsallake ka shigo!"

Ya dube ni kamar na ce ya sha giya. Haka ya tsaya har ruwan ya ɗauke, baiwar Allah ta ɗauki ƙwaryarta tana yi masa sannu, ita a zatonta ko ba shi da lafiyar kai. Ya taka, ya ce an rufe, ya yi atishawa. Mako guda yana kwance. Da na fara mita sai ya ce, "Mura tana warkewa, Asabe. Kuskuren awo ba ya warkewa."

Ba kansa kaɗai yake yi wa ba. Yana da ɗan littafi mai baƙin bango, irin na 'yan safiyo, duk wani nasa da zai yi doguwar tafiya sai ya sa shi ya taka ƙusar, ya rubuta sunansa, ya bar fili a gaba. Oga Chukwuma, mai shagon kayan gini da ke kallon gidanmu, ya taka ta ranar da ya gudu gida lokacin tashin hankalin nan. Shekara huɗu ba labarinsa. Ranar da ya dawo bayan yaƙin basasa, ya rame kamar ba shi ba, ya buɗe hannu zai rungume Baba, Baba ya ce, "Tsaya. Taka tukuna." Ya taka, Baba ya cike filin, sannan su biyun suka zauna a ƙasa suna kuka. Tun daga ranar ba mai shiga tsakaninsu.

Layi ɗaya ne a littafin ya ƙi rufuwa, shi ne na Yaya Isiyaku. Mu biyu Baba ya haifa, kuma Innarmu ta rasu tun ina ƙarama. Yaya ya gaji kan Baba wajen lissafi, ya sami tallafin karatu ya tafi Amurka koyon safiyo na zamani, a kan shekara uku zai dawo. Uku ta wuce, huɗu ta wuce, ya ce ya sami aiki na ɗan lokaci. Baba kuwa yana ta tsufa, ga tarin da ya kwaso a ramukan kuza. Duk abin da zan ba ku labari daga nan, ku sani a kan wannan filin da babu rubutu yake.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne wasiƙar nan ta zo, mai shafi shida, wadda ta juya mana kan tsoho. Yaya ya rubuto cewa mutanen da yake aiki da su sun harba wani ƙwallon ƙarfe sama, girmansa bai wuce babban tulu ba amma mutum biyar ba sa ɗaga shi. Ba inji, ba batir, ba komai a cikinsa, sai ƙananan madubai da aka manna masa ko'ina. Yana can yana zagaya duniya. Su kuma daga ƙasa sai su harba masa wani siririn haske mai ƙarfi da suke kira leza, hasken ya bugi madubi ya dawo, su ƙirga lokacin da ya ɗauka, su san nisan ƙwallon daidai wa daida.

Baba ya karanta sau uku a tsaye. Ya ce, "Allahu akbar! Hasken ma sai ya dawo inda ya fara."

Da la'asar ya tara majalisa a ƙofar shagon Oga Chukwuma. Aka tambaye shi, to in an san nisan sai me? Ya ce ai nan gizo ke saƙar. Ƙasa tana jan komai zuwa gare ta, shi ya sa in ka saki dutse yake faɗuwa, amma jan ba ɗaya ba ne ko'ina. Wani wuri da ƙarfi, wani wuri sako-sako. "Kun ga jaki in ya zo wucewa ta rumfar mai dusa, yadda yake ɗan karkata? Haka ƙwallon nan yake yi in ya zo saitin wurin da ƙasa ke ja da ƙarfi. Daga karkatar tasa ake gane jan kowace ƙasa." Sannan ya zaro dankalin Turawa daga aljihu, mai ƙulu-ƙulu, ya ɗaga. "Ku daina cewa duniya kamar lemo take. Ga kamarta nan."

Wani dattijo ya ce, "Malam Audu, ka ji tsoron Allah."

Baba ya ce, "Tsoronsa ne ya sa nake aunawa."

Dankalin nan ya fi wata a aljihunsa, har ya tsiro. Ni na jefar da shi ranar wanki, kuma kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Kun san Baba da tsumulmula. Mutumin da ke raba ashana biyu da reza! To da ya gano cewa in ka hau sama jan ƙasa yana raguwa, sai ya ga hanyar cin riba. Ya je sayen ƙusoshin gyaran rufi wajen Oga Chukwuma, wanda ke awo da sikelin ratayewa mai ƙugiya. Oga ya zuba zai auna, Baba ya riƙe masa hannu.

"Ba a nan ba. Hau kan rufi ka auna."

"Baba, rufi kuma?"

"A sama kaya sun fi sauƙi. Kafin allurarka ta kai, sai ka ƙara mini."

"Nawa zan ƙara?"

Baba ya yi lissafi a bayan kwalin sigari. "Bai kai ƙwayar gero ba. Amma nawa ne."

Oga ya ce, "Baba, abeg, ɗauki ƙusa biyar kyauta, ka bar ni."

"Na ce maka sadaka nake nema? Haƙƙina nake nema!"

Wallahi sai da bawan Allahn nan ya jingina tsani, da tumbinsa da komai, ya hau kan kwano da sikeli a hannu, masu sayar da katako sun taru suna kallo. Ya auna, ya leƙo ya ce, "Baba, allura bai motsa ba o!"

Baba ya kaɗa kai cike da tausayi. "Sauko, Chukwuma. Sikelinka jahili ne."

Da daren ranar na kai masa tuwo, don gidan aurena gida uku ne tsakaninmu, kullum ni ke kai masa abinci. Na same shi ya yi tagumi, wasiƙar Yaya a cinya. Ya ce, "Asabe, na gano abin. Jos tana kan tudu. Janta ba ƙarfi. Shi ya sa yaranta ba sa zama."

Abin ya ba ni haushi. Na ce, "To ni da nake nan kullum, me ya riƙe ni?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ai kin fi shi nauyi."

Na yi dariya, amma ban ɓoye muku ba, na ji zafi. Ni ke wanki, ni ke dafa masa maganin tari, ni ke jin masifarsa, amma sunana bai taɓa shiga littafin nan ba, don ban taɓa zuwa ko'ina ba. Wanda ya tafi shi ake ƙirga wa kwana.

Sai kuma zancen tocila. Baba yana da wata doguwar tocila mai batir shida tun ta kamfani. In an ɗauke wuta ba mai taɓa ta, sai dai mu yi ta karo da bango. Batiran kuwa kullum suna shanye a rana kan katanga kamar kuɓewa, wai suna shan ƙarfi. To wata rana bayan magariba ya hango wani ɗan tauraro yana tafiya a hankali daga kudu zuwa arewa, ba ya ƙyaftawa. Ya ce shi ke nan, ƙwallon Isiyaku ne. Daga ranar, in dai sama ta washe, yana sallame magariba zai ɗauki tocilar ya hau dutsen bayan gidanmu. In tauraron ya biyo, ya haska masa sau uku, ya tsaya yana kallon agogo. In bai biyo ba, ya haska inda yake zaton yake. Kafin kiran isha ya sauko.

Na ce, "Baba, wai me kake jira?"

"Ya dawo."

"Hasken tocila?"

"Nasu ya fi nawa ƙarfi, na sani. Amma madubi ba ya tambayar hasken wa ne."

Unguwa ta ɗauka, wasu suka ce aljanu yake kira. Oga Chukwuma ne abin ya fi damu. Ya same ni ya ce, "Asabe, Baba kullum yana aika, ba a amsa. Ba kyau." Ashe ya ƙulla nasa. Wata magariba ya saci jiki da tasa tocilar ya hau wani dutsen da ke can gabas, ya laɓe. Ina tsaye a gindin dutsenmu da bargon Baba a hannu. Baba ya haska sau uku. Sai ga haske daga gabas, sau uku cif!

Baba ya ƙura wa hasken ido. Na ce a raina yau tsoho zai faɗo. Can sai muka ji tari daga wancan dutsen, irin na mai shan sigari.

Baba ya ɗaga murya. "Chukwuma!"

Shiru.

"Chukwuma, sauko. Tauraro ba ya tari."

Oga ya sauko yana sosa ƙeya, ya yage wando a ƙaya. Baba ya wanke shi tas, ya ce ko ƙarya za ka yi ka yi ta daidai, wane tauraro ne ke zama ƙasa da bishiyar mangwaro? Muka rako Baba gida. Ya taka ƙusa, ya ce an rufe, ya shiga zaure. Sai ya juyo, bai kalli kowa ba, ya ce, "Amma gobe ma ka hau."

Kuma ya hau. Fiye da shekara Oga yana rufe shago da wuri yana hawa dutsen nan.

Wasiƙu ma haka Baba ya mai da su. Ranar da ya jefa wa Yaya tasa a gidan waya zai rubuta kwanan watan, ranar da amsa ta zo ya rubuta. Da farko mako shida ne. Ya koma wata uku. Ya koma wata biyar, amsar ma rabin shafi. Ya ce mini, "Adireshin yaron nan bai canja ba, amma awo ya nuna yana ƙara nisa."

Daminar ƙarshe tarin ya kwantar da shi. Na ce, "Baba, don girman Allah ka rubuta masa ka ce ba ka da lafiya, ya zo."

"A'a."

"To ni zan rubuta."

"Ban yarda ba. Mai awo ba ya jan tef don ya kai inda yake so. In ka ja, ƙarya ka auna. In zai zo, ya zo da ƙafarsa."

"Baba, ɗanka ne fa, ba fili ba!"

Ya juya fuska bango. A wasiƙarsa ta watan nan, na gani da idona, tambayar Yaya yake yi ko madubin ƙwallon yana yin ƙura, in yana yi wa ke goge shi. Ko kalma ɗaya a kan tari babu.

Na bi maganarsa wata biyu. Waɗannan wata biyun su ne abin da har gobe nake cizon yatsa a kai. Ni da ban taɓa jin maganar Baba a kan komai ba, sai a nan na tashi yin biyayya! Daga baya na saci adireshin daga littafin, na rubuta layi uku, na ba Oga ya jefa.

Da jiki ya tsananta aka kai shi asibiti. Da aka sallamo shi, likita ya ce a kai shi gida kawai, a kan kujera aka ɗauko shi daga mota. Maza huɗu suka wuce da shi zaure, har sun kai tsakar gida, sai ga 'yar muryarsa: "Ku koma." Suka koma da baya. Aka sassauto kujerar, na kama ƙafarsa da hannuna na ɗora kan ƙusar. Ya ce, "An rufe." Sannan ya harari masu ɗaukar ya ce, "Ku huɗu, ba mai hankali ko ɗaya."

Kwana biyu kafin ya cika ya miƙo mini littafin. Ya ce, "Na san kin rubuta masa."

Na karɓi littafin.

"Kin mayar da littafin a juye. Ɓarawon kirki ma ba ki iya ba." Ya huta, ya ce, "In ya zo, na san bakinki. Kada ki yi masa faɗa sai ya taka."

Na ce, "Ka dai jira shi ka gaya masa da kanka."

Ya ce, "Ina ƙoƙari." Sai ya kama hannuna. "Ke ban rubuta ki ba, ko? Ba a rubuta alama, Asabe. Daga kanta ake auna sauran."

Ranar Laraba da hantsi ya rasu. Da aka fito da makara ta wuce ta kan ƙusar, ina daga cikin gida ina jin ƙafafun mutane, kunnena yana jiran a ce an buɗe. Ba wanda ya ce.

Yaya ya iso kwana tara bayan nan. Wasiƙata ta yi yawo kafin ta same shi, don an tura shi wata tashar awo a wani tsibiri. Ina zaure ina shara sai ga tasi daga tasha, ga mutum ya fito da kwat da jaka, ya yi furfura a gefen kunne, tafiyarsa sak ta Baba. Tun a hanya an gaya masa. Ya taho da sauri, ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa. Maganar shekara takwas tana cike da bakina. Na haɗiye, na tare ƙofar da tsintsiya.

Na ce, "Yaya, koma. Taka."

Ya dubi ƙasa. Ya ajiye jakar, ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ni na faɗa masa. Na ce, "An rufe." Na miƙa masa littafin da fensirin Baba, ya cike filin da hannunsa.

Sannan na yi masa faɗan. Kai, na yi! Har makwabta suka shigo ba da haƙuri. Da na gama mu biyun muka zauna a inda Baba da Oga suka taɓa zama.

Da yamma Oga Chukwuma ya ba shi labarin tocila. Yaya ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ai ƙwallon nan ba a ganinsa da ido. Ya yi nisa, ya yi ƙanƙanta. Wanda Baba yake gani wani ne daban."

Na ce, "Yaya, in ka sake faɗin wannan a gidan nan, da muciya zan bi ka."

Ya ce, "Ba zan sake ba." Sannan ya ce, "Mu ma a can, duk hasken da muke aikawa, ɗan ƙyas ne yake dawowa. Wani lokaci a kwana ana aikawa ba a sami komai ba. In ɗigo ɗaya ya dawo, murna muke yi."

Na ce, "Shi ko ɗigon bai gani ba."

Aka kira magariba. Da Yaya ya dawo daga masallaci ya ce in ba shi tocilar. Batiran suna nan kan katanga inda Baba ya bar su, ruwa ya dake su, sai da Oga ya kawo sababbi daga shago. Yaya ya hau dutsen da takalmin Turawansa yana zamewa. Ya haska sau uku. Muka jira. Daga gabas haske ya amsa sau uku, sai kuma tarin nan.

Ƙusar tana nan har yau, ta sha ƙafa har ta yi sulɓi. Yaya ya ce ƙwallon ma yana can yana zagayawa, kuma zai daɗe bayan duk mun tafi. Ni dai in na fito alwalar magariba har yanzu sai na ɗaga kai, ko da na san ba a gani.

Allah ya jiƙan Baba Safiyo. Daga ƙasa ka fara shi, ya Ubangiji, ga shi ya dawo inda ya fara. Ka karɓi awonsa, ka yafe masa kuskuren da ke ciki, ka haskaka masa kabarinsa da hasken da ba ya bukatar batir. Mu kuma da muka rage, ka sa mu rufe lafiya. Amin.